John Adams na Tsibirin Pitcairn (1767–1829)

Idan muka shimfiɗa taswirar duniya muka dubi kudancin Tekun Fasifik, tsakanin New Zealand da Amurka ta Kudu, ba abin da ido zai fara gani sai shuɗin ruwa. Sai mutum ya ƙura ido sosai kafin ya hangi wani ɗan ɗigo da aka rubuta wa suna Pitcairn, wanda ake furtawa kamar Fitkan. A yawancin taswirori rubutun sunan ya fi tsibirin girma nesa ba kusa ba. Tsawonsa kilomita 3 ne da 'yan kai, faɗinsa bai kai kilomita 2 ba, duk ƙasarsa kuma ba ta cika murabba'in kilomita 5 ba. Daga can zuwa Tahiti akwai fiye da kilomita 2,000, zuwa New Zealand kuwa fiye da 5,000. Gari ɗaya tak ke cikinsa, ana ce da shi Adamstown, wato garin Adams, mutanensa kuma ba su kai 50 ba. Tarihin mutumin da garin ya ci sunansa ne za mu kawo wa masu karatu a wannan shekara.

Tun da farko ya kamata mu faɗa cewa John Adams ba ɗan mishan ba ne, ba fasto ba ne, bai kuma taɓa shiga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ba. Ɗan tawaye ne wanda dokar Ingila ta zamaninsa ta tanadar wa rataya, kuma akwai jinin mutum a hannunsa. Ban da haka, mafi yawan abin da duniya ta sani game da shekaru 18 na farkon zaman tsibirin daga bakinsa ya fito, shi kuwa yakan canza labarin gwargwadon wanda ke tambayarsa. Duk da haka, shi ne ya wayi gari shi kaɗai ne babban namiji a tsakanin zawarawa da marayu, kuma abin da ya yi da sauran shekaru 29 na rayuwarsa shi ya sa har yanzu ake tunawa da shi.

An haife shi a Hackney, wata unguwa ta birnin Landan, a shekara ta 1767. Iyayensa talakawa ne, ya kuma tashi maraya a gidan da hukuma ke ajiye marasa galihu. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, ɗan haɗa baƙi ne kawai. A cikin wannan shekara ta 1767 ne wani jirgin ruwan Ingila mai suna Swallow, ƙarƙashin Kyaftin Philip Carteret, ya gifta ta kusa da wani tsibiri da ba ya cikin taswira. Wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Robert Pitcairn ne ya fara hango shi, sai aka sa wa tsibirin sunansa. Igiyar ruwa ba ta bar su sun sauka ba. Da Carteret ya zo rubuta inda tsibirin yake, sai ya yi kuskuren lissafi na wajen kilomita 300. Wannan kuskure shi ne daga baya ya ceci wuyan Adams.

A shekara ta 1787 Adams ya ɗauki aiki a wani ƙaramin jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Bounty, amma da sunan ƙarya, Alexander Smith. Shugaban jirgin, Laftanar William Bligh, ya bar mana siffarsa a rubuce: gajere ne kakkaura, fuskarsa duk zanzanar agana, jikinsa cike da zane irin na mutanen Tahiti, yana kuma da tabon gatari a ƙafar dama. Aikin da aka tura jirgin ba abin alfahari ba ne. A Tahiti akwai wata itaciya da Turawa ke kira itacen burodi, 'ya'yanta kamar ƙaramar kabewa, in an gasa su sai su yi ɗanɗano tsakanin dankali da doya. Masu gonakin rake na tsibiran Karibiyan suna neman abinci mai araha da za su riƙa ciyar da bayinsu, waɗanda aka kwaso daga Afirka, yawancinsu daga wannan yanki namu na yamma. Dashen wannan itace aka aiki Bounty ta ɗebo.

Jirgin ya tashi daga Ingila ran 23 ga Disamba 1787 da mutum 46. Sun yi wata guda suna fama da guguwa a ƙarshen kudancin Amurka, suka kāsa wucewa, suka juya ta ƙarshen kudancin Afirka, sai ran 26 ga Oktoba 1788 suka isa Tahiti. Wata biyar suka yi a can suna renon dashe. Ga abinci a wadace, ga mutanen gari masu son baƙi, ma'aikatan jirgi da yawa suka yi mata, horon soja ya saki. Shi kansa Adams ya sha bulala 12 saboda an sace wani ƙarfe na kwalekwalen jirgi a lokacin da yake gadi. Da suka kama hanya a farkon Afrilu 1789 da dashe 1,015, sai Bligh, wanda bakinsa ya fi bulalarsa zafi, ya shiga zagin manyan ma'aikatansa a gaban na ƙasa da su. Wanda ya fi shan wulakancin shi ne mataimakinsa, Fletcher Christian. Da asubahin 28 ga Afrilu, kusa da tsibirin Tofua na ƙasar Tonga, Christian da waɗansu suka ɗauki bindigogi, suka ɗaure Bligh, suka saukar da shi da mutum 18 cikin wani kwalekwale mai tsawon mita 7, suka bar su a tsakiyar teku.

Shekaru da yawa bayan haka Adams ya gaya wa baƙi cewa shi yana kwance ba shi da lafiya sa'ad da abin ya faru. Shaidun da suka tsaya a gaban kotun soja a Ingila kuwa sun lissafa Alexander Smith cikin masu riƙe da makami a wannan safiya. Mu dai maganar shaidun muka fi gaskatawa.

Bligh bai mutu ba. Ya tuƙa wannan kwalekwale fiye da kilomita 6,000 cikin kwana 47 har zuwa tsibirin Timor, ya koma gida ya kai ƙara. 'Yan tawayen kuma suka gwada zama a tsibirin Tubuwai, suka yi faɗa da mutanen wurin, suka kashe da dama, suka koma Tahiti. Mutum 16 suka zaɓi su tsaya a can. A 1791 jirgin yaƙi mai suna Pandora ya zo ya kama 14 da suka rage da rai. 4 suka nutse sa'ad da jirgin ya fashe a hanya, aka yi wa 10 shari'a, aka rataye 3 a 1792. Christian ya san haka za ta faru, shi ya sa bai tsaya ba. Wani dare cikin Satumba 1789 ya yanke igiyar anka ya sulale da Turawa 8, har da Adams. A cikin jirgin akwai maza da mata 'yan tsibiran da aka gayyato, yawancin matan kuma ba su san za a tafi da su ba. In za a kira abin da sunansa, sace su aka yi.

Sun yi kusan wata huɗu suna yawo a teku suna neman maɓoya. Christian ya karanta labarin Carteret a wani littafi da ke cikin jirgin, ya nemi tsibirin inda taswira ta nuna bai same shi ba, ya ci gaba da bin layin har ya hange shi ran 15 ga Janairu 1790. Nan ya gane cewa duk wanda zai biyo sawunsu da taswirar sojan ruwa zai je ya tarar da ruwa ne kawai. Su 28 suka sauka: Turawa 9, maza 6 'yan tsibiran Fasifik, mata 12, da jaririya guda. Suka kwashe awaki da aladu da kaji da katako da duk abin da zai yi amfani, ran 23 ga Janairu aka cinna wa Bounty wuta don kada wani jirgi ya hango ta. Daga ranar ba wanda ke da hanyar fita.

Bari mu ɗan dakata mu dubi wurin da suka kulle kansu a ciki. Pitcairn kan wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ya tsiro daga ƙarƙashin teku. Kusan ko'ina gefensa a tsaye yake kamar bango, igiyar ruwa na dukansa dare da rana, mafi tsawon tudunsa kuma ya kai mita 347. Babu tashar jirgin ruwa, babu filin jirgin sama. Mai son zuwa sai ya bi jirgin sama zuwa Tahiti, daga nan zuwa tsibirin Mangareba, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa ya yi fiye da kwana guda da yini a teku. In ya iso, jirgin zai tsaya daga nesa, mutanen tsibiri su fito da dogayen kwalekwalensu su ɗauke shi, su kutsa da shi ta tsakanin duwatsu zuwa wani ɗan lungu da ake kira Bounty Bay, inda ragowar jirgin ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Daga nan hanya ta miƙe sama zuwa gari, sunanta kuwa Tudun Wahala in an fassara, sunan da waɗanda suka karanta littafin John Bunyan za su tuna.

A bisa tudun ƙasar ja ce mai albarka. Ayaba, kwakwa, rake, gwaza, doya, dankali, lemo da gwanda duk suna yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ruwan sha, gama babu kogi, sai 'yar maɓuɓɓuga da ruwan sama da ake tarawa. Sama da gari akwai wani kogo a jikin dutse da ake kira Kogon Christian, inda aka ce yakan hau ya zauna shi kaɗai yana duban teku. A gabas akwai wani tafki na ruwan teku da duwatsu suka kewaye, ana kiransa da sunan Manzo Bulus. Akwai kuma wani gangare mai haɗari da ake kira Down Rope, domin da igiya ake sauka a da. A gindinsa akwai zane-zane a jikin dutse da waɗansu mutane suka bari. 'Yan Bounty ba su ne suka fara zama a tsibirin ba. Sun tarar da gatura na dutse, da kaburbura, da gumaka, da itatuwan burodi da wani ya dasa, alamar 'yan tsibiran Fasifik da suka zauna can suka watse ɗaruruwan shekaru kafin zuwansu. Sunayen wurare a Pitcairn su ma tarihi ne: akwai inda ake kira wurin da Dan ya faɗi, akwai inda John ya kama saniya. A ɗan wuri irin wannan kowane dutse yana da wanda ya taɓa zamewa a kansa.

A wannan kyakkyawan wuri ne aka tafka mummunan zalunci. Turawan nan tara suka raba ƙasar tsibirin kashi tara a tsakaninsu, ba su ba mazan nan shida ko taki ɗaya ba, suka mai da su kamar bayi. Kowane Bature ya ɗauki mace guda, aka bar wa maza shida mata uku. Kafin shekara ta zagayo mata biyu suka mutu, ta John Williams da ta Adams, sai aka ƙwace biyu daga cikin ukun nan aka ba su. Adams yana cikin waɗanda suka ci wannan haram, ba za mu ɓoye ba. Mazan suka ƙulla makirci, asiri ya tonu, aka kashe biyu daga cikinsu. Sauran huɗun suka haƙura har ran 20 ga Satumba 1793, ranar da suka sami bindigogi suka bi gona gona suka kashe Turawa biyar, har da Fletcher Christian. An harbi Adams, harsashi ya shiga ta kafaɗa ya fita ta wajen wuya, amma ya tsira. Cikin 'yan makonni mazan nan huɗu su ma aka gama da su, waɗansu a hannun junansu, waɗansu a hannun Turawan da suka rage da zawarawan waɗanda aka kashe.

Saura maza huɗu ke nan: Adams, Edward Young, Matthew Quintal da William McCoy. Zaman bai gyaru ba. Matan sun gaji da duka har a 1794 suka shiga wani kwalekwale da nufin gudu, ya kife da su tun bai yi nisa ba. A 1798 McCoy, wanda ya taɓa aiki a gidan dafa barasa a Sikotilan, ya gano yadda zai tatso giya daga saiwar wani tsiro da ake kira ti, da tukunyar tagulla ta jirgin. Giyar ta juya masa kai, ya ɗaura dutse a wuya ya faɗa daga kan dutse. Quintal kuma ya zama abin tsoro, yana barazanar hallaka sauran, sai a 1799 Adams da Young suka kira shi gida suka sare shi da gatari. Cikin maza 15 da suka sauka a tsibirin, 13 sun mutu ta hanyar tashin hankali kafin shekara goma ta cika.

Edward Young mai ilimi ne, amma ciwon fuka ya riga ya ci ƙarfinsa. Cikin kayan da aka sauke daga Bounty akwai Littafi Mai Tsarki da Littafin Addu'a na Ikkilisiyar Ingila. Da su Young ya shiga gyara wa Adams karatunsa, su biyu kuma suka fara tara mata da yara don addu'ar safe da yamma. Young ya rasu a Disamba 1800, shi ne namiji na farko da ya mutu a kan shimfiɗarsa a tsibirin. Adams, yana da shekara 33, ya rage shi kaɗai da mata wajen 10 da yara wajen 20, yawancinsu 'ya'yan mutanen da aka kashe ne, waɗansu ma 'ya'yan wanda shi da kansa ya kashe.

An ruwaito cewa mafarkai masu ban tsoro game da hukuncin Allah ne suka girgiza shi. Abin da ya tabbata shi ne ya bar giya, ya kafa makaranta, ya koya wa yaran karatu daga littattafan nan biyu, shi da bai fi su da yawa ba. Ya koya musu Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya, ya sa ba a taɓa abinci sai an yi godiya kafin ci da bayan ci. Ran Lahadi ba a tura kwalekwale cikin ruwa, ba a aikin gona, abinci ma tun ran Asabar ake shirya shi. Shi ke yin baftisma, shi ke ɗaura aure, da zobe guda ɗaya tak da ya zagaya yatsun amaren tsibirin duka. Ya hana saurayi aure sai ya share gonar da za ta riƙe iyali. Da yake ba shi da malamin da zai tambaya, ya yi kurakurai irin na mai koyon kansa. Ya ga Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau a Littafin Addu'a, ya ɗauka kowace Laraba da kowace Jumma'a ake nufi, sai ya sa jama'a azumi kwana biyu a kowane mako, shekara da shekaru, ga kuma aikin gona a kan tudu. Sai da wani baƙo ya zo ya fahimtar da shi kafin aka sauke na Laraba.

A nan akwai abin da tsofaffin littattafan Turawa suka yi wa rowar tawada. Adams ya koyar da karatu da addu'a, amma matan Tahiti ne suka san yadda ake rayuwa a tsibiri. Su suka san yadda ake bugun ɓawon itace har ya zama tufa, su suka san girki a rami da duwatsu masu zafi, da tsire 'ya'yan wata itaciya mai mai a jikin tsinke su zama fitila, da magungunan ganye, da karɓar haihuwa. Wani abinci da ake kira pilhi, wanda ake yi da gurzajjiyar ayaba ko dankali a naɗe cikin ganye a gasa, daga hannunsu ya fito. Har al'adar Tahiti ta cewa mata ba sa ci tare da maza ta daɗe a tsibirin. Yaran sun tashi da Turancin ma'aikatan jirgi a kunne ɗaya, harshen Tahiti a ɗayan, daga nan aka sami harshen Pitkern da zuriyarsu ke yi. Ya kamata a san sunayen waɗansu daga cikin matan: Mauatua, matar Christian, wadda ta rayu har 1841, Teraura, wadda ita ce ta ƙarshe, ta rasu a 1850, da Teehuteatuaonoa, wadda Turawa ke kira Jenny, wadda ta sami jirgi ta bar tsibirin a 1817, ta kuma ba da nata labarin aka buga a jarida. Da bayaninta ne masana ke auna maganganun Adams.

Shekara 18 duniya ba ta san inda suke ba. A Fabrairu 1808 wani jirgin Amurka mai suna Topaz, na masu farautar dabbobin teku, ya tsaya neman ruwa. Kyaftin Mayhew Folger ya yi mamaki da ya ga samari sun taso cikin kwalekwale suna yi masa magana da Turanci. Adams ya ba shi agogon Bounty da kamfas ɗinta don shaida. Labari ya kai Landan, amma Ingila na tsakiyar yaƙi da Faransa, ba wanda ya kula. A Satumba 1814 sai ga jiragen yaƙin Ingila biyu, Briton da Tagus, sun iso ba tare da sanin ko su wane ne ke wurin ba. Cikin waɗanda suka fara hawa jirgin akwai ɗan Fletcher Christian, ɗan fari da aka haifa a tsibirin, mai suna Thursday October Christian, wato Alhamis Oktoba, don ranar da watan da aka haife shi. Da a ƙasar Hausa ne da Ɗanlami za a ce da shi.

Wannan ce ranar da Adams ya yi shekara 25 yana tsoro. A lokacin ya riga ya koma ga sunansa na gaskiya. Bisa doka, aikin Kyaftin Staines da Kyaftin Pipon ne su sa masa ankwa su kai shi Ingila. Suka sauka suka ga mutum 46, gidaje a share, gonaki a gyare, matasa masu ladabi da ba su san ashar ba. Adams ya nuna a shirye yake ya bi su, sai 'yarsa da sauran jama'a suka fashe da kuka. Hafsoshin nan biyu suka ga ɗauke shi zai zama rushe garin ne, suka bar shi suka tafi. Ba a taɓa gurfanar da shi a gaban kotu ba.

Game da mutuwar Christian kuwa, abin da ya gaya wa wannan baƙo dabam, abin da ya gaya wa wancan dabam: wani lokaci ciwo ne, wani lokaci shi ya kashe kansa, wani lokaci harbe shi aka yi a gona. A ganinmu tsoron igiya bai taɓa sakinsa ba, tuban da ya gyara masa hali bai kai ga sa shi ya faɗi dukan gaskiya game da shekarun jini ba. Wannan aibi ne, kuma saboda shi akwai abubuwan da suka shiga kabari tare da shi.

Bayan 1814 jirage suka fara biyowa, labarin tsibirin ya bazu a majami'un Ingila da Amurka, ana ta aiko da littattafai da kayan aiki. A 1823 wani Bature mai suna John Buffett ya sauka daga jirgi ya karɓi aikin makaranta, abokinsa John Evans kuma ya auri Rachel, 'yar Adams. A Disamba 1825 Kyaftin Frederick Beechey na jirgin Blossom ya yi kwanaki a tsibirin, ya ƙidaya mutum 66. Ya halarci sujadar Lahadi, inda ya ga an karanta wa'azi guda har sau uku a jere don kada wani ya manta. Ɗalibanmu da ke ƙorafin tsawon sujada sai su gode wa Allah. Adams ya roƙi Beechey ya ɗaura masa aure bisa ƙa'idar ikkilisiya da Teio, wadda suka daɗe tare, uwar ɗansa George, wadda a lokacin ta makance tana kwance. Ita ce uwar jaririyar nan da aka sauko da ita daga Bounty. Ya kuma nuna damuwarsa cewa jama'a na ƙaruwa, ruwa da ƙasar noma ba za su ishe su ba, ya nemi gwamnatin Ingila ta yi tunanin mai da su wani wuri.

John Adams ya rasu ran 5 ga Maris 1829 yana da shekara 61. Teio ta bi shi bayan 'yan kwanaki.

Shawararsa ta ƙaura ta zo da hasara. A 1831 aka kwashe jama'ar duka zuwa Tahiti, cututtukan da jikinsu bai saba da su ba suka kashe fiye da mutum 10, har da Thursday October, sauran suka komo gida cikin 'yan watanni. A 1838 suka rubuta dokokin mulkin kansu da taimakon wani kyaftin na Ingila, inda aka ba mata ikon jefa ƙuri'a, aka kuma wajabta wa kowane yaro zuwa makaranta, shekara 80 kafin matan Ingila su fara zaɓen 'yan majalisa. A 1856 aka sake kwashe su, su 194, zuwa tsibirin Norfolk da ke gabas da Ostiraliya, inda yawancin zuriyarsu suka zauna. Waɗansu iyalai suka komo Pitcairn a 1859 da 1864. Wajen 1890 jama'ar suka koma ɗarikar Adventist masu sujada ran Asabar. Yawansu ya kai 233 a 1937, daga nan ya yi ta raguwa saboda matasa na tafiya New Zealand. Waɗanda suka rage sukan sayar da kan sarki, da zuma, da sassaƙar itace ga jiragen da ke wucewa. Sunan tsarki da baƙi suka laƙaba wa tsibirin tun zamanin Adams ya sa an daɗe ba a duba abin da ke faruwa a cikinsa ba, har sai a 2004 da kotu ta zauna a Adamstown ta sami maza 6 da laifin lalata da 'yan mata ƙanana, abin da ya ɗauki shekaru ana yi ana rufewa.

Littafi Mai Tsarki na Bounty ya bar tsibirin a 1839 a hannun wani ma'aikacin jirgin Amurka, sai bayan fiye da shekara 100 aka komo da shi. An tsamo ankar jirgin daga ruwa a 1957 aka kafa ta a dandalin gari. Agogon da aka ba Folger yana gidan kayan tarihi na Greenwich a Landan. Kowace shekara ran 23 ga Janairu mutanen Pitcairn sukan haɗa ɗan jirgi mai kama da Bounty su ƙone shi a bakin ruwa, su ci kifi tare. Kabarin Adams yana gefen gari, kusa da na Teio, kuma cikin Turawa tara da suka sauka a 1790 nasa ne kaɗai aka san inda yake.